Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Zango Da Limaman Kumasi Kan Samarinmu Masu Zafin Kishi

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan zango, Allah ya ja zamaninku. Allah ya gafarta malamai, limaman Juma'a da na masallatan unguwa a Asawase, Aboabo, Sawaba, Akwatia Line, Tafo da sauran unguwanninmu. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga iyayensa, ina neman izini in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin makaranta ne a nan Kumasi, kuma aikina ya sa ina zama da samari da 'yan mata a shekarun da jininsu yake tafasa, ina jin abin da suke faɗa idan babu babba a kusa. Na zaɓi in rubuto a fili maimakon in zo fada in durƙusa in faɗa a asirce, domin maganar ta shafi waɗanda ba su da wurin zama a fada, kuma ya kamata su ma su ji cewa an faɗe ta.

Tun da labarin masu ɗauke da makamai a Mali da Burkina Faso ya matso kusa da iyakarmu ta arewa, mun shiga saurin zargin duk matashin da ya ɗaga murya. Yaro ya tashi a taro ya tambayi inda kuɗin gyaran kwata ya shiga, sai a ce yana da zafin kai. Yarinya ta ƙi cire hijabi a wurin aiki, sai a ce ta cika tsauri. Saurayi ya tsayar da gemu, ya fara yawan tambayar hujja a kan abin da ya taso ya tarar ana yi, sai a fara raɗa cewa an juya masa tunani, ya kama hanyar masu tsattsauran ra'ayi. Abin da nake so in gabatar muku shi ne, zafin kishi a karan kansa ba cuta ba ne. Daga cikinsa ake samun mai fafutukar neman haƙƙi, daga cikinsa kuma ake samun mai zubar da jini, kuma abin da yake raba hanyoyin nan biyu yawancinsa a hannun manya yake: wa ya saurari yaron, wa ya rufe masa ƙofa, wa kuma ya same shi a waje bayan an rufe.

Na san inda taka-tsantsan ɗinku ya samo asali, kuma ban raina shi ba. A shekarun 1950 siyasa ta raba zangon Kumasi gida biyu, wasu suka bi CPP ta Kwame Nkrumah, wasu suka bi jam'iyyar Musulmi da ta haɗa kai da NLM ta Asantawa. A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden daga ƙasar, alhali suna gaban kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. A Nuwamban 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice, aka wayi gari mutanen da suka yi shekaru aru-aru a zango suna sayar da gidajensu a wulaƙance, suna hawa manyan motoci zuwa ƙasashen da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, ko ya ji shi daga bakin mahaifinsa, ya koyi cewa mutumin zango yana tsira ne idan ya sunkuyar da kai. Daga nan "a yi haƙuri" ta zama siyasarmu, kuma gaskiya ta yi mana rana, domin da ita aka riƙe zumunci tsakanin zango da fadar Sarkin Asantawa ta Manhyia har zuwa yau.

Sai dai yaron da aka haifa bayan 1992 bai taso da wannan tsoron ba. Ya taso ƙarƙashin tsarin mulkin da ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da na yin taro da zanga-zanga, yana jin Turanci da yaren Asantawa kamar kowa, ya kuma san cewa ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 20 cikin ɗari na mutanen Gana Musulmi ne. Bai ɗauki kansa baƙo ba, kuma yana da gaskiya. Idan ya je yin katin ɗan ƙasa aka tsaya yi masa tambayoyi a kan garin kakansa saboda sunansa, ko damina ta zo ruwa ya sake cin ɗakin mahaifiyarsa a Aboabo, ko ya gama karatu ya rasa aiki ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku da ake kira pragya sannan a hana shi shiga tsakiyar gari, zuciyarsa takan yi zafi. Idan a lokacin nan aka ce masa ya yi haƙuri, ba tare da an nuna masa abin da manya za su yi bayan ya haƙura ba, abin da yake ji shi ne an ce masa ya amince bai kai sauran 'yan ƙasa ba.

Ranku ya daɗe, babu wanda ya manta da watan Yuli na 2018. 'Yan sanda suka harbe samari bakwai na zangon nan a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da su. Samarinmu suka ce ƙarya ne, sun san mamatan, sun san sana'arsu, sun san iyayensu. Suka fito suka tare hanyoyi a Asawase, suka ƙona tayoyi, gari ya rikice. A kwanakin nan an kira su da sunaye iri-iri a gidajen rediyo, kuma ko a cikinmu akwai waɗanda suka ce yaran sun ja mana abin kunya. Daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya bayyana cewa babu wata hujja da ta nuna mamatan 'yan fashi ne, aka dakatar da 'yan sanda 21 daga aiki, aka biya iyalan kowane mamaci diyyar sidi 250,000. Ma'ana, a kan asalin maganar, yaran da aka ce suna da zafin kai su ne suke da gaskiya. Ba na goyon bayan ƙona taya ko tare hanyar da mai naƙuda za ta bi zuwa asibiti, kuma na faɗa wa ɗalibaina haka. Amma ina roƙonku ku yi wa kanku wannan tambaya tsakaninku da Allah: da samarin nan sun yi shiru kamar yadda muka saba so, da an kafa kwamitin? Da an wanke sunan mamatan nan bakwai, ko kuwa da 'ya'yansu sun girma ana nuna su ana cewa ga 'ya'yan ɓarayi?

Abin da ya sa ranar ba ta zama mafi muni ba shi ne, manya sun shiga maganar, sun ɗauke ta daga kan titi sun kai ta gaban hukuma, samari kuma suka ga cewa kukansu ya isa inda ake so. A Ejura, a ƙarshen Yunin 2021, abin bai zo da sauƙi haka ba. Ibrahim Muhammad da ake kira Kaaka, wanda ya shahara da ɗaukar hotunan lalatattun hanyoyi da magudanan ruwa na garinsu yana yaɗawa, ya rasu bayan an kai masa hari. Washegari samari suka fito cikin fushi, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu, wasu suka jikkata. Fushin Ejura da na Asawase iri ɗaya ne. A duka wuraren biyu mun jira sai da aka zubar da jini kafin muka tambayi samari abin da yake damunsu.

To, ta yaya za a gane mai fafutuka daga wanda ya kama hanyar halaka, tunda dukansu suna da zafi? Ba a gane su da ƙarfin murya, ba a kuma gane su da tsawon gemu. Birnin Kano ya ga irin mutanen biyu a zamani ɗaya. Malam Aminu Kano da abokansa na NEPU, wadda aka kafa a 1950, sun yi zafi iyakar zafi a kan zaluncin da ake yi wa talakawa da sunan haraji da jangali da aikin tilas. An ɗaure su, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Masu mulki na lokacin sun ɗauke su a matsayin masu tayar da fitina. Amma abin da suke nema abu ne mai suna, wanda hukuma za ta iya cewa ta yi ko ba ta yi ba, kuma da jam'iyyar PRP ta ci zaɓen gwamna a Kano da Kaduna a 1979 aka soke haraji da jangali. Shekara ɗaya bayan haka, a Disamban 1980, a cikin wannan birnin, mabiya Muhammadu Marwa Maitatsine suka tayar da rikicin da ya ci rayuka sama da 4,000. Shi ma talakawa ya tara, shi ma ya zagi masu kuɗi da masu mulki. Sai dai shi babu wata buƙata da za a biya masa ya koma gida, domin a wurinsa duk wanda ba ya cikin jama'arsa ya riga ya halaka.

Wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi idan yaro ya zo mini da zafi. Nakan tambaye shi abin da yake so a yi, kuma idan an yi, ko zai yarda cewa an yi. Mai fafutuka yakan ce a gyara kwata, a hukunta wanda ya yi harbi, a bar 'yarmu ta yi azumi a makaranta. Wanda aka fara ɓatawa kuwa ba ya maganar abin da aka aikata, maganarsa a kan jinsin mutane take: 'yan sanda duka, Kirista duka, 'yan ɗariƙa duka, 'yan Sunna duka. Sannan nakan lura da yadda yake karɓar gyara daga wanda suke tafiya ɗaya. Muddin yaro yana iya jin "ka yi kuskure" daga bakin abokinsa bai kira shi munafuki ba, to yana nan tare da mu, komai zafinsa. Ranar da ya fara ganin kowane mai ba shi shawara a matsayin wanda aka saya, ya daina zuwa gaisar da iyayensa saboda yana ganin su a kan ɓata, ya fara jin cewa girman manufarsa ya halatta masa ƙarya da cin mutunci, a ranar ne ya kamata hankalinmu ya tashi.

Allah ya gafarta malamai, kun fi ni sanin cewa addininmu bai taɓa hana tsayawa a kan zalunci ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya halarci ƙawancen Hilful Fudul tun kafin a aiko shi, lokacin da wasu mutanen Makka suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta bayan an cinye wa wani baƙon ɗan kasuwa dukiyarsa, kuma bayan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Amma kun kuma san cewa fitinar Khawarijawa da kiran a yi adalci ta fara, daga bakin mutanen da suka fi kowa yawan salla da karatun Alƙur'ani, ta kuma ƙare da kashe Sayyidina Ali a Kufa. Usama bin Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, ba don ƙarancin kishin addini ba, sai don yawansa, kuma Manzon Allah ya tsananta masa tambaya, ko ya tsaga zuciyar mutumin ya ga abin da yake ciki. A Suratul Ma'ida an hane mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin nan shi ne abin da Abdullahi bin Abbas ya yi. Bai tsaya a kan mumbari yana tsine wa Khawarijawa daga nesa ba. Ya sa tufafinsa masu kyau ya tafi har inda suka yi sansani, ya ce su faɗi abin da suke tuhumar Sayyidina Ali da shi, ya saurara har suka gama, sannan ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, kuma jama'a masu yawa daga cikinsu suka dawo. Malamai nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa bes ɗin da samari suke zaman shan ataya, suka zauna a kan benci, suka ce ku faɗa mini abin da kuke tuhumarmu da shi?

Idan ba mu je ba, akwai masu zuwa. A lardin Soum na arewacin Burkina Faso, Malam Ibrahim Dicko ya fara ne da wa'azi a gidajen rediyon Djibo, yana sukar yadda wasu gidajen sarauta da na malanta suka danne sauran jama'a, yana cewa ɗan bawa da ɗan sarki ɗaya suke a wurin Allah. Matasa suka bi shi domin ya taɓo inda yake yi musu ciwo, kuma babu wanda ya riga shi faɗa a fili. A Disamban 2016 ƙungiyarsa ta Ansarul Islam ta kai hari a Nassoumbou ta kashe sojoji 12, kuma daga nan ƙasar ta shiga halin da ya raba mutane sama da miliyan biyu da gidajensu. Talakawan da ya ce yana yi wa magana su ne suka fi kowa shan wahalar abin da ya biyo baya. A Mayun 2022 an kashe sojojin Togo takwas a arewacin ƙasar, kusa da iyakar Burkina Faso. Waɗannan ƙasashe ne da 'yan kasuwarmu suke zuwa sayo tumatir da albasa da shanu, kuma Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa talauci da jahilci ne kaɗai suke jan yaro. A 2015 ƙasar nan ta girgiza da labarin wani matashi da ya gama jami'ar KNUST, a nan cikin garinmu, ya bar gida ya tafi ya shiga ƙungiyar IS. Yana da ilimi, yana da iyaye masu kula da shi. Irin waɗannan yaran ma'anar rayuwa suke nema, suna so a ce musu ana buƙatarsu a wani babban aiki. Mai jan su kuwa ba ya buƙatar izinin limami ko na sarkin zango, ta waya yake shigowa cikin dare, a WhatsApp da TikTok da Telegram, yana nuna musu hotunan Musulmin da ake kashewa a duniya, sannan ya ce musu malamanku sun yi shiru saboda an cika musu aljihu. Duk lokacin da muka ƙi taɓa maganar zalunci a huɗuba don gudun ɓacin ran wani babba, mun ƙara wa wannan mutumin hujja.

Yanzu ina neman afuwa, domin zan taɓo inda yake da nauyin faɗa. Tsattsauran ra'ayin da ya fi ci mana samari a Kumasi har yau na jam'iyya ne. A Maris na 2017 'yan Delta Force, ƙungiyar ƙarti magoya bayan jam'iyyar NPP, suka fitar da jami'in tsaron jihar Ashanti daga ofishinsa da ƙarfin tsiya, a watan Afrilu kuma aka kutsa kotu aka kuɓutar da 13 daga cikinsu. A Fabrairun 2019 aka yi harbi a ofishin jam'iyyar NDC na jiha a Amakom, wani matashi ya rasa ransa. Jam'iyyun biyu babu wadda hannunta yake da tsabta, kuma kowa ya san unguwannin da ake zuwa neman ƙarti idan zaɓe ya matso. Majalisa ta yi dokar hana irin waɗannan ƙungiyoyi a 2019, mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 15, amma ɗan siyasan da ya ba da babur da kuɗin ataya ba shi ne zai kwana a kurkuku ba, ɗanmu ne. Waɗannan 'yan siyasa kuwa ta ƙofar fadojinku suke shigowa, a sahun gaba na masallatanmu suke zama ranar Idi, a yi musu addu'a su tafi. Yaron da ya tambayi kuɗin kwata an ce masa mai zafin kai, wanda ya ɗauki adda saboda jam'iyya kuwa ana ce masa yaron Honorabul. Samari suna ganin wannan, kuma suna fahimtar wane irin zafi ne yake da lada a wurinmu.

Haka nan rigimar aƙida. Manyanmu sun ga abin da ya faru a shekarun 1990 tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna, har aka rasa rayuka a Wenchi, kuma an sha wahala kafin a kashe wutar. Yau ga ta tana dawowa ta hanyar gajerun bidiyo, malami yana kafirta malami, almajirai suna yaɗawa suna tafi. Malamin da ya koya wa yaro cewa maƙwabcinsa mai salla mushiriki ne ya riga ya yi wa mai ɗaukar mayaƙa rabin aikinsa, ko da shi kansa bai taɓa riƙe ko sanda ba. Mu dubi abin da Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya yi a farkon 2019, lokacin da wani fasto a Akra ya yi hasashen rasuwarsa, wasu samari suka je suka farfasa cocinsa saboda ƙaunar da suke yi wa Shehun. Ya hana su, ya ce ya yafe, kuma a watan Afrilu na shekarar ya je cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ya zauna da su. Wasu sun soke shi a kan haka, bai fasa ba. Ya nuna wa masoyansa cewa ƙaunarsa ba ta halatta musu dukiyar kowa ba, kuma ya yi hakan ne ba tare da ya kore su daga jikinsa ba.

Abin da nake roƙo a wurinku ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Ina roƙon a sa rana tabbatacciya, ko sau ɗaya a wata, da sarakuna da limamai za su zauna da wakilan samari, wakilan da samarin suka zaɓa da kansu daga bes-bes da ƙungiyoyin masu pragya da makanikai na Suame da ɗaliban manyan makarantu, har da 'yan mata, domin su ma suna da nasu ƙorafin kuma ba kasafai ake tambayarsu ba. A bar su su yi magana har su gama, ko da maganar ta taɓa ku. A rubuta abin da aka ce za a yi, a zama na gaba a fara da karanta shi, a faɗi wanda aka yi da wanda ya gagara da dalilin gagararsa. Yaro yana iya jure a ce masa ba a samu ba, abin da ba ya iya jurewa shi ne a mayar da shi kamar bai yi magana ba.

Idan kuma tura ta kai bango har samari suka ga sai sun fito, kada aikinku ya tsaya a kan hana su. Dokar ƙasa ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda kwana biyar kafin zanga-zanga. A koya musu wannan, a taimaka musu rubuta takardar, a nemo musu lauyoyi daga cikin 'ya'yan zango, waɗanda alhamdu lillahi yanzu muna da su, sannan wani babba ya yi tafiya a gabansu. Taron da limami yake gaba ba ya saurin zama na jifa, kuma mai bindiga yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga ta. A 2021 wasu ɗalibai mabiya Rastafari, waɗanda jama'arsu ba ta kai tamu yawa ko kusa ba, sun kai makarantar Achimota kotu a kan gashin kansu, kuma babbar kotu ta ba su gaskiya. A shekarar ne maganar hana ɗaliba Musulma azumi a makarantar Wesley Girls ta tashi, aka bi ta hanyar hukumar ilimi da Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, ba a fasa gilashi ko ɗaya ba. Hanyar tana da jinkiri, wani lokaci tana da ban takaici, amma ya kamata yaranmu su ga manyansu suna bin ta da gaske, har su yarda cewa tana kaiwa wani wuri.

Akwai kuma maganar tsaro. A 2022 gwamnati ta fara kira ga duk wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba ya sanar da hukuma, kuma kira ne mai kyau. Amma uwar da ta ga ɗanta ya canza, ya daina cin abinci da 'yan'uwansa, yana kulle kansa da waya, ba za ta kira jami'an tsaro ba, domin tana tuna Manso Nkwanta. Za ta yi shiru tana kuka har sai abin ya fi ƙarfinta. Tana buƙatar wani malami amintacce, mai ilimi da sirri, wanda za ta je wurinsa tun abin yana ƙarami, ya zauna da yaron ya yi masa irin zaman Ibn Abbas. Ina roƙon majalisar limamai ta ware irin waɗannan malamai daga kowane ɓangare, ɗariƙa da Sunna, a sanar da sunayensu a masallatai, a kuma yi yarjejeniya da hukuma a kan inda aikin malami ya tsaya da inda na jami'in tsaro ya fara, domin wanda ya riga ya ɗauki makami ko yake shirin cutar da mutane ba a ɓoye shi.

Tunda wasiƙar a buɗe take, ƙannena samari, ku ma ga taku. Ina tare da ku a kan yawancin abin da kuke kuka da shi, amma gaskiyar kukanku ba ta wanke duk abin da kuka yi da sunansa. Shagon da aka fasa ranar zanga-zanga na wata uwa ce mai neman abin da za ta ciyar da 'ya'yanta, ɗan sandan da aka jefa da dutse wataƙila bai taɓa zuwa inda aka yi laifin ba. Duk wanda ya zuga ku ku fita alhali nasa 'ya'yan suna makaranta, ku tambaye shi dalili. Idan iyayenmu suka buɗe ƙofar da nake roƙo, ku shigo da ladabi da hujja a rubuce, ku kuma dawo zama na biyu da na uku ko da na farko bai ba ku abin da kuke so ba.

Ranku ya daɗe, zaɓe zai sake zuwa, damina za ta sake zuwa, kuma ba mu san ranar da wani labari irin na 2018 zai sake faɗo mana ba. Ina roƙon a kira zaman farko tun yanzu da gari yake lafiya, a babban masallacin Kumasi ko a fadar Sarkin Zango, a sanar da ranarsa a huɗubar Juma'a a duk masallatanmu. Ni da wasu malaman makaranta a shirye muke mu zagaya bes-bes mu kai saƙon, mu kuma riƙe rubutun abin da aka tattauna idan kun ba mu izini.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ina neman gafararku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya zaunar da Kumasi da ƙasarmu Gana lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
Wani malamin makaranta daga Aboabo, Kumasi